Malamin da ke gefen direba

"Wanga na gefe mai littafi, malami na?"

Tambayar da Kawu Sani ya yi min ke nan jiya a tashar Mafara. Bidiyon gasar tseren motoci ta duniya nake nuna masa a wayata, irin wadda ake yi a hanyar tsakuwa, mota na tashi sama kamar fara. Shi kuwa shekara talatin yana jigilar fasinja zuwa Maradun.

Na ce, "A'a Kawu, hanya yake karanta wa direba. Kwana hagu, kwana dama, rami a gaba."

Ya ce, "Ashe ba addu'a yaka yi ba? To direban da sai an karanta mai hanya, mi ya sani? Ni ramukkan hanyar Dosara duk na laƙaba masu suna."

Da la'asar na bi shi Dosara, ina gidan gaba. Bidiyon nan ya shiga kansa, sai taka mota yake yi. Ashe ruwan shekaranjiya ya haƙa sabon rami da bai kai ga raɗa wa suna ba. Muka yi sama, muka dawo, hularsa ta faɗo a cinyata.

Na ce, "Kawu, in fara karanto maka hanya?"

Ya karɓi hularsa, ya rage gudu, bai ko dube ni ba. "Bar hanya, ɗana. Karanto addu'ar."

Ku da kuka taɓa zama gidan gaba a motar kawunku, wanne kuka karanta?