Ruwan Tasar Jummai

Duk unguwar Harobanda an san Jummai mai wanki da abu biyu: farin kaya da zafin baki. Daga Maradi aure ya kawo ta Yamai, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Aminatu, sai ta kama wankin manyan gidajen unguwar Koira Kano. Tana da wata al'ada da ta gada wurin uwarta. In hadari ya haɗo, takan jera tasoshi a tsakar gida, nesa da bakin kwanon rufi, don a ganinta ruwan da ya faɗo kai tsaye daga sama babu abin da ya taɓa shi. Da shi take ɗauraye fararen shaddoji, har tana yi wa masu ruwan famfo dariya.

Abin da ya hana ta sakat shi ne maƙwabcinta Abdulhakim, mai babbakar kai da ƙafa. Da itace ya yi tsada, sai bawan Allah ya koma hura wuta da tsofaffin tayoyi. Tun daga nan Aminatu ta kama tari, ƙirjinta yana kuka kamar na kyanwa, lakwal ma, wato makaranta, sai ta yi kwana uku ba ta leƙa ba. Jummai ta je da lalama, ta je da faɗa, ta kai ƙara wurin mai unguwa. Amsar mutumin ɗaya ce, yana yi yana juya kan rago: hayaƙi ai sama yake tafiya, mi ya haɗa shi da ƙirjin yarinya? Abin haushi, har ita kanta ta fara zargin ko iska ce ta taɓa 'yar.

Ran nan da la'asar ruwan farko ya sauko, bayan wata bakwai ba ɗigo. Jummai ta jera tasoshinta. Da aka ɗauke, gari ya washe, har ana hango ƙetaren kogi tar. Aminatu ta fito ƙofar ɗaki ta ja numfashi mai tsawo, ba tari, ba kuka. Uwar ta tsaya kallonta, daɗi ya cika ta.

Sai ta duƙa kan tasa. Ruwan ya yi toka-toka, wani baƙin maiƙo yana yawo a kansa. Ta shafa gindin tasar, yatsanta ya fito kamar ta taɓa bayan tukunya. Tasar nan da hannunta ta wanke ta, kuma ba ta kusa da kwano. Nan take ta gane. Ruwan ne ya wanko abin da ke rataye a saman gidanta ya zubo mata shi, shi ya sa yarinyar ta samu numfashi. Ranta ya ɓaci.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta sungumi tasar sai rumfar Abdulhakim, ta same shi yana ta ƙyasta ashana zai kunna jiƙaƙƙiyar taya. Ta dire masa ita a gaban masu jiran nama.

"Malam, ka ce sama yake tafiya. To, ga shi ya dawo. Sha."

Ya leƙa, ya kau da kai, ya ce wane mahaukaci zai sha wannan ƙazanta.

Jummai ta ce, "Aminatu wata shida ke nan tana shan ta."

Ta bar masa tasar a nan ta juya. Har ta kai ƙofar gida ba ta ji ƙarar ashana ba.