Alewar Gyara da Na Riƙa Bayarwa a Ƙofar Makaranta

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce a Garwa, ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Faɗa nake yi wata tana rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana.

Lokacin da abin ya soma, ni mace ce da mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Fataucin goro yake yi zuwa Banyo da Meiganga kamar iyayensa, da ya tafi kuwa sana'ar ta tafi da shi. Ya bar ni da ɗaki ɗaya da jika ɗaya, ɗan 'yata da ke aure a Tuboro, wanda aka ba ni tun yaye don ya ɗebe mini kewa. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, yana tsokanata wai zai sake ni ranar da haƙorina na ƙarshe ya faɗi. Da ciwon asma aka haife shi. Idan ciwon ya tashi, ƙirjinsa kuka yake yi kamar tsohuwar ƙofa.

Don mu ci abinci na kafa tebur a ƙarƙashin darbejiya, daidai ƙofar makarantar sakandaren unguwarmu. Ina sayar da alewa da biskit da cingam da ƙanƙarar leda mai launi. Daga baya 'yan moto, wato masu haya da babur, da ke jiran fasinja a wurin suka ce in kawo sigari, sai na riƙa buɗe kwali ina sayarwa kara-kara. Mu 'yan kasuwa mun gaji gyara, ba a sallamar mai saye hannu haka nan. Gyarata ita ce alewar nan mai sanyaya baki, duk wanda ya sayi kara in ɗora masa ɗaya. Saboda ita aka fi zuwa wurina.

Yara ma sukan zo da kayan makaranta a jikinsu su ce an aike su. A tarbiyyar da na tashi, yaro in ya ce babba ya aike shi ba a tsare shi da tambaya, domin tambayar cin fuskar wanda ya yi aiken ce. Sai in miƙa kara, in miƙa alewa. Ban taɓa cewa wa ya aike ka ba. Shekara da shekaru, ban faɗa ba ko sau ɗaya.

Wata rana wata malamar makarantar, Kirista ce 'yar ƙabilun kan dutse, muna ce mata Madam, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai kyau. Ta kira ni Mama, ta roƙe ni in daina sayar da taba a wurin, ko in matsa da teburin can bakin titi. Ta ce tana tsintar guntayen sigari a bayan bayi, kuma duk yaron da ta kama sai ta ji bakinsa yana ƙanshin alewa, ta rasa abin kafa hujja. Na yi mata tas a gaban jama'a. Na ce ita ƙarshen wata take jira, ni kuwa faɗuwar rana nake jira. Na ce in tana so in tashi ta ɗauki nauyin tukunyata. 'Yan moto suka yi ta dariya, ɗaya ya ce ai Madam ta taɓo gidan rina. Ta tashi ta kaɗe zanenta, ta ce Allah ya huci zuciyata, ta tafi. Ranar har daɗi na ji.

A lokacin jikana ya shiga wannan makarantar. Idan na zo wankin kayansa sai in tarar da takardun alewa cike da aljihu. In ce maigida ya zama ɓarawon amarya, ya ce ai dukiyar mata ta miji ce. Mu yi dariya. Tarinsa ya ƙaru, na ce zafin Garwa ne. Na dafa masa ganye, na shafa masa man zafi a ƙirji. Yakan sunkuyo ya gaishe ni da yamma, in ji sanyin alewar a numfashinsa, in ce zai ƙarar da haƙoransa kafin nawa.

Yana da shekara goma sha bakwai ya faɗi a filin makaranta ranar jarrabawar gudu. Daga teburina na ga an fito da shi, an ɗora shi a moto tsakanin mutum biyu, Madam ce ta riƙe kansa. A asibiti likita ya tambaye ni tun yaushe yake shan taba. Na rantse ba ya sha. Abokinsa da ke tsaye ya sunkuyar da kai ya ce sun kai shekara huɗu. Na ce a ina suke samu. Yaron ya ce a teburina. Jikana ke ba su kuɗin tara da nake ba shi na cin abinci a makaranta, su zo su ce an aike su. Da gaskiyarsu, an aike su ɗin.

Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Likita ya ce asmar ce ta ɗauke shi, tabar ta dai raunana huhun da dama ba shi da ƙarfi. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma na san hannun da ya miƙa karan, na kuma san hannun da ya miƙa abin da ya ɓoye warin. Uwarsa ta iso daga Tuboro bayan an kai shi. Ba ta ce mini komai ba. Har yau ba ta ce ba, tana dai aiko mini da gero.

Mutane sun ce na yi dauriya. Ba dauriya ba ce. Tun ranar ba na jin ɗanɗanon abinci, ba na jin zafin rana. Hawaye na zubo mini ina tsintar shinkafa, ina gaisawa da mutane, ba na ɓoye su, amma cikina shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Teburin na ba maƙwabta sun yi itace da shi.

Yanzu na ji hukuma na tayar da masu taba da kayan zaƙi daga ƙofofin makarantu, 'yan'uwana masu tebur suna ta Allah ya isa. Na san zafin, ni ma na yi wannan faɗan, na kuma ci nasara. Ga abin da nasarar ta bar mini. Ku matsa da teburanku, arziki zai bi ku inda kuka je. In yaro ya ce an aike shi taba, ku ce wanda ya aiko shi ya zo da ƙafarsa, in ya ji haushi ya ji. Iyaye kuma, ku duba aljihun da kuke wankewa, kada ƙanshin baki ya kwantar muku da hankali.

Mai rubuta mini wannan ita ce Madam. Duk Asabar tana zuwa duba ni, ba ta taɓa tuna mini abin da na faɗa mata ba. Ta tambaye ni ko akwai sauran magana. Na ce babu, sai dai a yi wa maigidana addu'a.