Kwalbar Farin Magani

Ɗiyata ta fari tana ɗingishi, kuma na san dalili. Duk wanda ya ce mini haka Allah ya halicce ta, sai in ji kamar in rufe shi da faɗa, alhali da kaina ya kamata in fara.

Ni 'yar Sabuwa ce, aure ya kai ni Faskari. Zamanin da kuɗin mai suka shigo ƙasa ne. Maigidana ya sayi babur da rediyo, ya biya wa mahaifiyarsa Makka, ta dawo da haƙorin zinare muka koma ce mata Hajiya. Da na yaye yarinyar sai aka kai ta wurin Hajiya a Ketare, kamar yadda aka saba. 'Yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ko kuka take sai in kau da kai. Ita ce kunya, kuma har yabona ake a kai.

Tana shekara uku ta fara kukan ciki. Hajiya ta goya ta zuwa wani ɗakin shan magani, malamin wurin ya danna cikin, ya ce zafi ne ya yi mata yawa. Ya zuba musu farin magani mai kauri kamar kunu a kwalbar lemo, aka toshe da totuwar masara. Kyauta, don a lokacin ko sisi ba a karɓa. Ta sha, kuka ya tsaya.

Daga ranar ba a sake kai yarinyar ba, kwalbar ake kaiwa. Duk ranar kasuwar Ƙanƙara maigidana zai biya ta Ketare ya ɗauko ta, ya jera ta a kan tagar ɗakin shan maganin cikin kwalaben mutane, ya shiga kasuwa. Kafin ya dawo an cika. Yo wa zai tambayi kwalba yadda mai ita ta kwana? Hajiya kuwa cokali biyu take ba ta bayan kowane abinci, ciwo ko babu ciwo, wai don kada ya dawo. Shekara uku cur ana haka.

Ni na fara lura. Na je gaisuwar salla na ga yarinya in za ta miƙe sai ta dafa gwiwa kamar tsohuwa. Sa'o'inta na tsere, ita tana zaune jikin rumbu, ƙafafun sun fara lanƙwasa. Amma me na yi? Na tambayi Hajiya lafiyar awaki da yadda dawa ta yi bana. Da na koma gida na yi wa maigidana magana a kaikaice, na ce mutuniyar Ketare kamar ba ta jin daɗi. Ya yi dariya, ya ce yau kuma ni ce da zancen ɗiyar fari, ashe kunyar tawa ta ƙare. Ya ce magani na gwamnati, daga hannun ma'aikaci, ina abin tsoro? Na bar zancen, na ƙara wata takwas ina cin tuwo ina ƙoshi. Wallahi in na tuna watannin nan har yau haushin kaina nake ji.

Ranar da aka aiko cewa ta faɗi a bakin rijiya ta kasa tashi, ban nemi izinin kowa ba. Na shiga motar kasuwa, na isa, na sunkuce ta na goya. Hajiya ta riƙe haɓa.

“Ke, a gabana?”

“A gabanki, Hajiya. Ki yi haƙuri, ki ɗauko kwalbar mu tafi.”

A babban asibiti likita ya shinshina kwalbar, ya tambayi tun yaushe take sha. Da Hajiya ta faɗa, ya ajiye alƙalami. Ya ce maganin na 'yan kwanaki ne, in aka daɗe ana ɗura wa yaro yana hana ƙashi samun abin da zai ginu da shi. Ciwon cikin ma, da aka auna, tsutsa ce, ƙwayar kwana uku ta kore ta. Sai ya dube mu ya ce wace ce uwar. Kun san ban amsa ba? Bakina ya saba. Hajiya ce ta nuna ni, hawaye na bin fuskarta. Ba muguwa ba ce, son jikarta take, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta daina.

Ƙafar dama ta miƙe, ta hagu ba ta koma daidai ba.

Shekaru sun wuce, ta yi aure, ta haihu. Da ta yaye tata 'yar farin sai ga ta ta shigo mini gida tana jan ƙafar nan, ta dire yarinyar a tabarmata tana kau da kai, wai ta kawo mini riƙo. Na ɗauki jikata na ɗora mata a cinya, a gaban baƙi.

“Riƙe abarki,” na ce. “Ki dinga duba ƙafarta, kuma ki kira sunanta in ji.”