Awarwaron da Mamman Ya Jinginar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Mamman Ɗan Tawa makwancinsa. Teburinsa na agoguna yana jikin nawa a titin Canal Street, a nan ƙasar waje inda muke ci-rani, kuma ban taɓa ganin mai taurin ciniki irinsa ba. Sai ya rantse maka faɗuwa yake yi, alhali yana murmushi.

Shekarar da ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsa ya lalata masa kaya, ya ɗauki awarwaron zinariya na mahaifiyarsa ya kai wani tsohon gidan jingina. Masu hali na da can ne suka kafa gidan don taimako, kada talaka ya faɗa hannun masu cin ruwa. Gini ne na dutse mai dogayen tagogi, ka ce fadar wani. Na tsokane shi cewa ko yaya dai akwai ɗan kuɗin ruwa a ciki. Ya ce shi ladan gadi ya ɗauke shi.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya miƙo mini takardar jinginar a gadon asibiti.

"Riƙe wannan papiye," in ji shi. "In auren Rakiya ya zo, ka fanso mata. Jingina ai ba ta ɓata."

Rakiya ita ce 'yarsa tilo. Na karɓa ba tare da wata damuwa ba, don a wajenmu haka abin yake. Mutum ya jinginar da gona ya mutu, jikansa ya zo ya fansa, ba mai musu. Na ga kwanan wata a jikin takardar, na ɗauka ado ne irin na ofis. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni kuwa nawa ya kai ni ya baro.

Sai bayan shekara uku na leƙa, don kawai in gaishe su, su san magada suna nan. Wata dattijiya ta duba takardar ta ce wa'adi ya daɗe da cika, an aika wasiƙu ɗakin da Mamman ya bari, an yi gwanjon awarwaron. Ta ba ni haƙuri. Ba ta cuce ni ba, kuma wannan ya fi ci mini rai, don ba ni da wanda zan zaga sai kaina.

Yanzu masu jinginar sun tashi daga ginin. Hukumar birni ta sa shi cikin kayan tarihi: ba a rushe shi, ba a taɓa ko taga ɗaya. An yi ta zama ana muhawara a kan duwatsunsa. Da Mamman yana raye, na san zai ce ashe mutanen nan sun iya riƙon amana, sai dai amanar dutse. Nakan bi ta wajen in tsaya, ban san abin da nake jira ba.

Me ya rage na Mamman? Teburinsa wani ya gaje shi, abokan cinikinsa sun watse. Abin da ya saura shi ne maganarsa a kunnen Rakiya, wadda ke aikin jinya a unguwar Jamaica ta nan birnin, kuma aurenta wata mai zuwa ne. Shekaranjiya ta kira ni.

"Baba, that awarwaro ɗin kaka, yana nan ko? Daddy ya ce yana hannunka."

Na ce yana nan.

Na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma Rakiya tana jin Hausa ne kawai, ba ta iya karanta ta ba. Shi ya sa na iya faɗin gaskiya a nan, a rubuce.