Kalmar da Shef Ba Ya Rubutawa

Shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, amma ranar da na sa hannu a takardar injinan ban ruwa ba ta taɓa fita daga raina ba. In ban yi kuskure ba, wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, damina ta ɗauke, tattasai ya fara fure a bakin kogin Komadugu. Ni kuma fitowata ke nan daga jami'a, an turo ni Diffa ƙaramin ma'aikaci a wani shiri na taimakon manoma.

A can na saba da kalmar maneji. Ta Ingilishi ce, ta ƙetaro kogi daga Najeriya tare da fetur da kayan gyara. A ɗan karatun da na yi, na san ta a kan tafiyar da ma'aikata. A Diffa kuwa ba mai tambayar ma'anarta: abu bai isa ba, ko ya lalace, a lallaɓa haka. Direba zai ce maka taya za ta yi maneji har garin Maine. Tela ya gajarta maka hannun riga, ya ce ka yi maneji. Abin da ban lura ba a lokacin shi ne daga sama take gangarowa. Ban taɓa jin masinja ya faɗa wa darakta ita ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Idan ɗan kwangila ya kawo kaya, ba a raba wa manoma sai ma'aikaci ya gwada, ya sa hannu a takardar shaida cewa sababbi ne, lafiyarsu ƙalau. Takardar ce ke tafiya Yamai. To, aka kawo injina don ƙungiyar manoman wani ƙauye kusa da Shetimari, aka ce ni zan duba.

Fentinsu kam sabo ne, har yana kama hannu. Na farkon da muka tayar ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya tofo ruwan da ko alwala ba zai isa ba. Bulama, dattijon da ke shugabancin ƙungiyar, ya zagaya injin, ya dube ni, ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, yadda ake kiran ma'aikaci a can.

"Mushe, wannan ya girme ka. Gaishe shi."

Makanikin ɗan kwangilar ya yi dariya. "Haba Baba, zai yi maneji. Oga, sa hannu kawai."

Ban sa ba. Na koma Diffa na sami shef ɗinmu, wato shugaban shirin namu, a ofishinsa, na ce masa kamar dai, a ganina, ba lalle ne sababbi ba ne.

"Kamar? A ganinka?" in ji shi. "Kai ma'aikaci ne ko boka? Ƙanena, nan ba jami'a ba ce. In muka mayar da su, tattasai zai bushe kafin wasu su iso. Su yi maneji."

"Shef, ko za ka ɗan rubuta mini haka a gefen takardar?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Da Faransanci ake cika takarda. Ka taɓa ganin maneji a Faransanci?" Ya miƙo mini alƙalaminsa.

Ba zan ce tilasta mini ya yi ba. Zancen bushewar tattasan ya shige ni, tsoronsa ma ya shige ni, har yau ban san wanda ya fi ba. Na sa hannu. Don in kare kaina, na ƙara da ƙananan haruffa cewa bisa abin da ido ya gani ne. Har ina jin na yi dabara.

Injinan suka yi ƴan makonni, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Masu hali suka yi hayar wasu, marasa hali suka zuba ido fure yana zubewa. Bulama ya zo har ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye busasshen reshen tattasai a kan teburina, ya ce, "Mushe, ga rabonka na bana. Kai ma ka yi maneji."

Da masu bincike suka zo daga Yamai, ɗan kwangila ya riga ya ƙetare kogi. Shef ya ce shi bai taɓa ganin injinan ba, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce ya dogara ne ga ƙwararren ma'aikacinsa mai digiri. Ran nan ne ya fara yabon digirina. Babban masu binciken ya karanta ƙananan haruffan nawa da ƙarfi, ya cire tabarau, ya ce, "Idon wa?"

Aka canza mini wurin aiki zuwa can garin Ngigmi da takardar gargaɗi a cikin fayil ɗina. Shef kuwa, na ji an ce ya yi gaba, ko da yake ban tabbatar ba.

Ku matasan da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: maneji a baki take zama, sa hannu kuma a takarda, kuma ba mutum ɗaya ke yin su ba. Ni ne na sa hannun, manoma ne suka rasa amfanin shekara, ba na neman kauce wa wannan.

Duk wanda ya shaidi abin nan, musamman mutanen ƙauyen, in na karkace ya gyara mini. Shef ma, in yana raye, ina maraba da gyaransa, amma a rubuce.