Kwalbar da Na Kai Riruwai

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Kano, jakata ba komai sai guduma da kwalba. Ƙungiyarmu ta injiniyoyi 'yan sa-kai, mai duba gine-ginen al'umma kyauta, ta tura ni Riruwai in ga wata Islamiyya kafin a zuba mata dekin, wato rufin kankaren da za a ɗora bene a kai. Abin da ban gaya wa kowa ba, maginin Baffa Sule ne, ƙanen mahaifina, wanda ya fara ɗora mini cokalin gini a hannu.

Kwanar Ɗangora

Muka wuce mahaɗar Bebeji, bakwai da kwata muka tsaya nan shan koko da ƙosai. Direba ya hango kwalbar, ya ce in zuma zan sayo, in bari sai Falgore. Na ce yashi zan ɗura. Daga nan bai ƙara yi mini magana ba.

Tudun Wada zuwa Doguwa

Ƙarfe tara na sauya mota. Shinge uku muka wuce a dajin Falgore, muka kuma jira garken shanu ya tsallaka. Ni dai addu'ata guda ce, kada in sami abin faɗa.

Riruwai

Sha biyu saura na isa. Bayan gaisuwa da fura, Baffa ya zagaya da ni yana alfahari. Ya ce da aikin gayya aka kwaso yashin daga tsofaffin ramukan kuza, kowane gida ya kawo nasa. Na ƙwanƙwasa ginshiƙi da guduma, ya zubo kamar garin tuwo.

Na ɗura yashin a kwalba, na zuba ruwa, na girgiza, na ajiye. Da muka dawo daga sallar azahar, laka ta kwanta a saman yashin, kaurin yatsa uku, alamar ba zai kama siminti ba. Cikin kunya na miƙa wa Baffa kwalbar.

Ya daɗe yana kallo. "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Zai ɗauki dekin?"

"Ba zai ɗauka ba, Baffa. Sai an rushe ginshiƙan."

Ya ce jikokinsa huɗu ne za su zauna a ajin ƙasa. Ya karɓi gudumata, da hannunsa ya fara rushe su.

Komawa

Washegari da la'asar na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga mutanen Riruwai da ba su juya mini baya ba. Gudumar na dawo da ita, kwalbar kuwa Baffa ya riƙe. Ya ce ba yashin da zai ƙara shiga aikinsa sai ya bi ta cikinta.