Takalmin da Baba Ya Adana

Shagona ɗan ƙarami ne, a bakin tasha cikin garin Birnin Gwari. Rigunan ƙwallo nake sayarwa, da safa, da but na 'yan ƙwallo, da kambas na motsa jiki. Babu kamfanin da ya san da zamana. Ni ne mai shago, ni ne ɗan sari, ni ke shiga mota zuwa Kaduna ta hanyar dajin nan da kowa ya san irin addu'ar da ake yi kafin a bi ta. In Allah ya dawo da ni lafiya, sai in tarar abin da na je nema har an daina yayinsa.

Wallahi yayin takalmi ya gajiyar da ni. Wata shekara mai tudun ƙasa ake so, wanda in ka sa kamar ka taka katifa. Na cika kanta da shi. Sai samari suka fara zuwa suna tura mini waya har hanci, wai yanzu sai saƙaƙƙe marar igiya, mai kama da safa. Na kawo. Bai ƙare ba suka ce masu ɗaga ƙarfe sun koma wa mai faffaɗan baki, don yatsu su sake. Mutumin da ko filin firamare bai taɓa zagayawa da gudu ba, shi ke yi mini karatun yatsu. Ya gwada, ya ɗauki hoton ƙafarsa, ya cire ya ce zai dawo.

Ana cikin haka ciwon suga ya kama mahaifina. Manomi ne a wani ƙauye wajen Randagi, kuma duk tsufansa bai yarda an raba shi da fartanya ba. Ƙafafunsa suka daina jin komai, ko ƙaya ya taka ba ya sani. A gabana likita ya ce kada ya ƙara taka ƙasa ba takalmi, silifas ma bai isa ba, a samo masa rufaffe mai laushi wanda ba ya matse yatsu. In ba haka ba, ƙaramin rauni na iya cinye ƙafar. Na ce a raina, to, yau dai wannan yayin banza zai yi rana.

Na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau a shagon, mai faɗin baki da taushin ciki, na hau babur na kai masa. Ya juya shi, ya latsa ƙasansa da babban yatsa, har sansanawa ya yi.

"Wannan ai ya kai buhun masara," in ji shi.

Na yi dariya na ce, "Baba, kai dai sa kawai."

Ya sa, ya taka zuwa bakin zaure ya dawo, ya sa mini albarka. Na koma gari da farin ciki.

A ƙauyenmu, mutanen zamanin su Baba ba sa ba hanya takalmi mai kyau. A hannu ake riƙe shi, ko a rataye shi a ƙotar fartanya, a yi tafiyar da ƙafa. Sai an kusa kasuwa ko masallacin Juma'a a tsaya bakin rijiya, a wanke ƙafa, sannan a sa. A ƙofar masallaci a cire. In an haɗu da mai gari a cire. Gona kuwa, wa zai kai sabon abu cikin taɓo? Haka suka tashi, kuma Baba bai ga dalilin da zai sa takarda daga asibiti ta canza masa ba.

Inna, mahaifiyata, ita ta tona masa asiri. Ta ce kullum takalmin yana cikin ledarsa a ƙarƙashin gado, sai ya jiyo ƙarar babur ɗina daga nesa ya yi maza ya zura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Haba Baba, wannan fa magani ne, ba kayan sallah ba ne. In ya lalace in kawo wani, shago gare ni."

"To, na ji," in ji shi. "Amma kai ma da wahala kake samowa. Hanyar nan kake bi."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da liman. Kowa ya zo sai ya ce to. Na kawo masa wani tsohon takalmi na gwanjo don gona, shi ma ya ce ya yi kyau da yawa, ya ba wani maƙwabci da zai aurar da 'ya. Daga nan na gaji, na koma tambayar Inna ta waya kawai.

Da kaka, bayan an yanke dawa, tushiyar kara ta soke shi a tafin ƙafa. Bai ji ba. Inna ce ta ga jini a kan buzun sallarsa. Suka sa maganin gida, kuma a lokacin hanya ba ta biyuwa, ko masu babur sun daina fita. Kafin in samu in ɗauko shi ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. A Kaduna aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallame mu, gidana na kawo shi. Wata safiya zan fita shago ya kira ni, ya sa Inna ta miƙo mini ledar. Na buɗe. Ƙasan takalmin fes, zanensa ko goguwa bai yi ba.

"Mayar da shi shago," in ji shi. "Ka ga amfanin adanawa, kamar sabo yake. Ba za ka yi asara ba."

Na karɓa, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fita.

Takalmin yana nan a saman kanta. An daɗe da daina yayin irinsa, yanzu wani mai ƙahon dunduniya suke nuna mini a waya. Duk da haka wani lokaci mutum yakan nuna shi ya tambayi kuɗinsa, sai in ce an riga an saya.